A Sauke Ta

"Yi shiru, Dillali," in ji Ɗanbala, ya ɗaga hannu. "Ga ta nan."

Ina tsakiyar ba shi labarin wani fili da na sayar wa ɗan Abuja, labari mai daɗi kuwa, amma na haɗiye. Ɗan acaɓa ne ya shigo layinmu na unguwar Yara da ƙaramar sifika ɗaure a kan tankin mai, kiɗan zamani na dukan kunne. A ƙarƙashin dukan nan sai muryar mace ta taso, siririya, tana ɗan rawa kamar daga cikin rijiya take fitowa:

"Riɗi ya bushe a Agwada, maigida dawo gida."

Ɗanbala ya bi babur ɗin da kai har ya sha kwana wajen injin niƙa. Sannan ya mayar da hannun kan gwiwarsa.

"Yau ta yi sammako," ya ce. "Ci gaba da ƙaryarka."

Muryar Adama ce, matarsa, wadda ta rasu tun 'yarsu Mu'mina tana goye. Ni Husaini katanga ɗaya ce tsakanina da shi tun ina da baƙin gemu, saboda haka labarin nan ba a bakin wani na ji shi ba. Ɗanbala makaɗin noma ne a zamaninsa. In an yi gayya daga Agwada har Panda shi ake ɗaukowa, ya rataya ganga ya shiga tsakanin kunyoyi, samari su yi ta huɗa kamar masu aljanu. Adama ce ke masa amshi, abin da danginta suka yi ta gunaguni a kai har suka gaji. Wani ma'aikacin rediyo ya taɓa ɗaukar su a faifai, ya ba Ɗanbala kaset ɗaya. Bayan rasuwarta ya yi ta juya kaset ɗin har rediyonsa ya cinye zaren. Daga nan bai sake jin muryarta ba, har Mu'mina ta girma ta zama malamar firamare, shi kuma idanunsa suka yi hazo, ƙafafunsa suka fara kumbura.

Sai ga shi wani ya tsinto tsohon faifan ya ɗora a intanet. Wani yaro mawaƙi a Abuja, Mahfuz, ya yanke amshin Adama ya liƙa a kiɗansa, ya zubar da muryar Ɗanbala da gangarsa da baitin da yake ambaton sunansa. Waƙar ta kama gari. Gidan biki ita, shagon aski ita, masu wankin mota ita. Ɗanbala ya sa aka fitar masa da benci ƙofar gida. Daga hantsi har la'asar yana zaune yana jiran matarsa ta wuce.

Mu'mina kuwa abin ƙona mata rai yake yi.

"Baba Husaini, uwata ce fa. 'Yan mata na karkaɗa jiki da muryarta, yaron nan na yawo a mota, ko sunanta bai faɗa ba. Mahaifina kuma ga shi nan, sai na ci bashin albashi nake sayo masa magani."

Ni dillali ne. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san kaya in suna kasuwa to akwai mai su. Na ce mata akwai wani lauya, Israel, yaro ɗan ƙabilar Mada mai hankali, ni na samo masa ɗakin da ya buɗe ofis. Ran Asabar ya zo, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Baba, doka ta canza," in ji shi. "A da in an ɗora abinka a intanet ba da izininka ba, wahala ce kawai. Yanzu in ka rubuta wa masu shafin cewa naka ne, dole su saurare ka. Wanda ya yi waƙa yana da haƙƙi, wanda ya rera ma yana da haƙƙi, in ya rasu magadansa su gada. Abin da nake so in ji daga bakinka shi ne, kana so a sauke waƙar?"

Ɗanbala ya gyara zama. Rabon da in ga fuskarsa haka tun bikin Mu'mina.

"Ana iya sauke ta?"

"Ƙwarai kuwa."

"Har da ta asalin, wadda babu wannan bugun gwangwanin?"

"Duka, Baba. Duk inda take."

"To a sauke ta, ɗana. A sauke ta da wuri. Allah ya yi maka albarka."

Ya miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada ya dangwala. Muka sha kunun tsamiya, kowa na murna.

Israel ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ko kotu ba a je ba. Kafin wata ya zagayo an cire waƙar daga shafukan nan, ta Mahfuz da ta asalin duka. Yaron na Abuja kuwa bai yi asara ba. Ya samo wata yarinya mai murya kamar ta 'yar tsana ta rera masa sabon amshi, ya canza kalmomin, babu riɗi babu Agwada, ya saki da tsohon sunan waƙar. Mutanen yanzu ba sa riƙe tsohon abu. Masu kiɗan biki suka koma sabuwar, 'yan acaɓa suka goge tsohuwar don su samu wuri.

Ɗanbala na kan bencinsa. In kiɗan ya taso daga bakin layi sai ya ɗaga hannu, in yarinyar ta buɗe baki sai hannun ya sauko a hankali. Haka ya yi ta yi har wata ranar Laraba.

"Dillali, yaron nan lauya har yanzu bai kawo ba?"

"Kawo me?"

"Waƙar mana. Ya ce zai sauke ta. Na ce ko sai an sayi waya babba ne, in haka ne a sayar da gangar."

Na daɗe ina cin abinci da baki. Na sayar da fili mai kwari a matsayin tudu, na sasanta magada da ke shirin sare juna. Amma sai ranar nan na gane kalma ɗaya ce ta yaudare mu. Kullum yaran unguwa na wucewa ta gabansa suna cewa sauke min waƙar nan a waya, na sauke fim jiya. Saukewar da ya sani ke nan: a ɗauko abu daga can sama inda yake, a sa maka a hannu. Mu uku muna zauren nan, da mai digiri da malamar makaranta da ni mai wayon kasuwa, babu wanda ya tsaya ya tambaye shi me ya fahimta.

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Ashe korar ta na yi," ya ce. "Kama ni in shiga ciki."

Bai sake fitowa bencin ba.

Israel ya zo da gudu da na gaya masa. Ashe bai ajiye kwafin waƙar ko ɗaya ba, adireshin shafukan kawai ya rubuta, don a lokacin waƙar tana kowace kusurwa, wa zai yi tunanin ɓoye ta. Ya nemi mutanen Mahfuz, lauyansu ya ce sun goge komai kamar yadda aka buƙata, kada a sake kiran su. Wanda ya ɗora ta asalin kuma an rufe masa shafi, ba a san ko wane ne ba. Israel ya durƙusa gaban tabarmar da Ɗanbala ke kwance, idonsa ja.

"Baba, zan iya matsa musu su rubuta sunanka a sabuwar. Karin waƙar naka ne, doka tana bayanka."

"Sunana na san shi, ɗana," in ji Ɗanbala. "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."

Ba a jima ba jikin Ɗanbala ya rikice. Asibiti suka riƙe shi kwanaki, suka ce zuciya ce, a mayar da shi gida a kula da shi. Duk wanda ya kai shekaruna ya san ma'anar wannan. Na ɗauki hulata na shiga kasuwa.

Na fara da Siman, mai tura waƙoƙi a memori a layin masu waya. Yana ganina ya rufe kwamfutarsa.

"Alhaji, ba kai ne maƙwabcin tsohon da ya yi ƙara ba?"

"Ba ƙara aka yi ba. Tsohuwar nake nema, mai riɗi."

"Mai riɗi! In tura maka yau, gobe lauyanku ya zo da 'yan sanda? An ce an kwashe kwamfutocin mutane a Mararaba. Ni yanzu wa'azi kawai nake turawa, shi ma sai na san fuskar mutum."

"Kai Siman, ni na samo wa babanka gidan da aka haife ka."

"Shi ya sa na san ka, Alhaji. Gidan ma har yau yana yoyo."

Haka na yi ta zagaye. Wasu sun goge da gaske, wasu na ga ƙarya a idonsu, don ƙarya sana'ar da na sani ce. Na tare 'yan acaɓa a tasha, kowa ya kunna min sai 'yar tsanar nan. Mu'mina ta tambayi malaman makarantarsu, ta tambayi iyayen yara. Ɗanbala kuwa kullum ƙara shigewa tabarma yake yi. Ya daina tambaya, wannan ya fi damuna.

Ran wata Alhamis matata ta aike ni sayen doya. Ina gaban Filomina, 'yar Panda mai sari, muna ja-in-ja a kan kuɗin ƙwarya guda, wato doya ɗari, sai wani abu ya fara kuka daga ƙullin zanenta.

"Riɗi ya bushe a Agwada..."

Ta zaro 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, za ta danna. Na riƙe mata hannu.

"Alhaji, lafiya? Sakar min hannu, direbana ne!"

"Bar shi ya kira. Ina kika samu wannan?"

"Ɗana ya yanko min ya sa kafin ya tafi Legas. In ba wannan ba, ba na gane tawa ce ke kuka."

Na gaya mata komai a tsaye a cikin rana. Ta saurara tana kaɗe ƙasar doya daga hannunta.

"Mai gangar nan ne? Babana ya yi noma da kiɗansa." Ta juya wayar a tafinta. "Duk cinikina yana cikin nan fa. Kuma kada wani mai ilimi ya taɓa min ita ya lalata."

"Ba mai taɓawa."

Ta tura min ita a aljihu. "In direba ya kira, ka ce ya same ni a rumfa. Doyar kuma ba ragi."

Da na isa gida Mu'mina ta so ta laluba wayar ta gano inda aka ajiye amshin, na ce na yi alkawari. Na aje wayar a kan filo kusa da kunnen Ɗanbala, na koma bakin ƙofa na buga lambar Filomina daga tawa.

Amshin kaɗai ne, yana maimaita kansa, ga sifikar wayar ta fashe tana zizara. Ɗanbala ya buɗe ido. Bai ɗaga hannu ba, ƙarfin ya ƙare, yatsunsa ne kawai suka fara bugun tabarma, bugun ganga, daidai inda ya kamata. Kiran ya katse.

"Dillali."

"Na'am."

"Sake kiran ta."

Na sake. Haka muka wuni, haka muka yi washegari. In na tafi masallaci Mu'mina ta karɓa. Wani lokaci ba mu ba ne, masu sayen doya ne daga Garaku ko Masaka, sai ya ɗan yi murmushi ya ce, "Wannan karon ita ta kira da kanta." In kiran ya katse sai in bi lambar in ce su samu Filomina a rumfa.

Ran Asabar da hantsi ya ce a juya shi gabas. Liman ya zo ya zauna kusa da kansa yana laƙanta masa kalmar shahada, na kashe tawa wayar na sa a aljihu. Ya amsa sau ɗaya a fili, sauran a leɓe. Kafin azahar ya cika.

Muka kai shi bayan la'asar. Mutane ba su yi yawa ba, amma tsofaffi sun zo daga Agwada a bayan a-kori-kura, Israel ma ya bi mu har bakin maƙabarta ya tsaya daga waje, hularsa a hannu.

Da muka dawo na leƙa ɗakin don in ɗauki wayar mutane in mayar. An naɗe tabarmar an jingine ta a bango. Mu'mina na zaune a ƙasa ita kaɗai, mata na ta shige da fice a tsakar gida. Wayar na kan filon inda muka bar ta. Ban kai ga sunkuyawa ba haskenta ya kama, ta fara motsi a kan filon, wani mai neman doya daga wani wuri.

Mu'mina ta miƙa hannu, ta tsayar da shi a sama. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙasar kabari a ƙafata. Muka bar ta ta yi ta kira har ta yi shiru da kanta.