Igiyar Da Ba A Ɗauko Ba

Tun a bakin masallaci taɓo ya ƙwace wa Jumai takalmi ɗaya. Ba ta tsaya cirowa ba, ta tuɓe ɗayan ta yar, ta ci gaba da gudu, irin gudun da rabonta da yi tun tana budurwa. Maƙwabciyarta Ikilima na biye da ita tana haki. Ita ce ta faɗo mata gida ba ko sallama, ta ce ruwa ya rutsa da Malam Alu a tsakiyar rafi.

Tun asuba ake sheƙa ruwa a ƙauyen nasu da ke gefen Nariya, sai bayan azahar ya koma yayyafi. A nan Malam Alu, mijinta na shekara talatin da biyu, ya saɓa fartanya ya ce zai haye ya buɗe wa ruwa hanya, kada ya kwantar masa da shinkafa. Ta ce ya bari sai gobe. Ya yi dariya ya ce rafin da ya sani tun yana tallar rake ba zai ba shi tsoro da furfura ba. Abin da ya manta, ruwan da aka yi a can sama wajen duwatsu sai daga baya yake isowa.

Kafin ta hango rafin ta ji rurinsa. Da ta ƙaraso kuma sai ta tarar da bayan mutane jere kamar katanga, kusan kowa hannunsa a sama, kowane hannu da waya. Ta kutsa tana ture su har ta kai gaba.

Rafin ya zama jan kogi, yana tafe da karan dawa da itatuwa da mushen akuya. A tsakiyarsa tsohuwar bishiyar ɓaure ce kaɗai ta rage a tsaye. Malam Alu na rungume da reshenta, ruwa ya kai masa ƙugu, hularsa ta tafi.

"Malam!" ta ƙwala. "Malam, ka riƙe!"

Ƙarar ruwan ta haɗiye muryarta. Ta juya ga mutumin da ke kusa da ita.

"Me ake jira? Ina masu taimako?"

"An tafi ɗauko igiya," ya ce, idonsa na kan wayarsa.

"Wa ya tafi?"

Ya taɓa na gefensa. "Kai, wa ya tafi ɗauko igiyar nan?"

"Na dai ji an ce an tafi."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Kowa ya ji an ce an tafi. Babu wanda ya ga mai tafiyar. 

A kan wani tudu ta hango Khalid, ɗan ƙanin mijinta, wanda suka riƙa tun rasuwar mahaifinsa har suka yi masa aure. Yanzu shi ke da shagon cajin waya a bakin titi. Babur ɗinsa na jingine a bayansa. Ta isa ta cafki rigarsa.

"Khalid, babanka ne fa!"

"Na sani, Inna. Ki kwantar da hankalinki. Kai tsaye nake nunawa a intanet, mutum sama da dubu biyu ke kallo yanzu haka. Hukuma za ta gani."

"Ta cikin wayar za su miƙo masa hannu? Hau babur ka je gidan Uzairu mai haƙar rijiya, shi ke da doguwar igiya."

"Ai an tafi, Inna. In na katse yanzu..."

Ta sake shi. Ta dubi ɓauren, ta ga inda ruwa ya kai, ta kama hannun Ikilima suka juya da gudu.

* * *

Uzairu na cikin gidansa yana kwashe ƙasar katangar da ta faɗi. Ko labari bai ji ba.

"Babu wanda ya zo nan, Yaya Jumai," ya ce, ya yar da shebur. "Innalillahi! Babbar igiyar kuma tana Nariya, inda muke aiki. Da babur minti goma sha biyar ne zuwa da dawowa."

Ba su da babur, ba su da lokaci. Suka bi gidajen da ke kusa suna kwance igiyar guga. Wata tsohuwa ta kwance akuyarta ta miƙo tata. Ikilima na ƙullawa suna tafe, Uzairu na bi yana ƙara ɗaure kowane ƙulli da haƙori.

Da suka koma, taron ya ninka. Har da masu babura daga hanyar Rano sun tsaya kallo. Ruwa ya kai wa Malam Alu ƙirji, bishiyar kuma ta fara karkata.

Uzairu ya daka wa wani ɗan acaɓa tsawa, ya kwatanta masa inda babbar igiyar take, mutumin ya tayar ya tafi. Sannan ya tuɓe riga, ya ɗaura bakin igiyar a ƙugunsa.

"A riƙe mini! Maza goma nake so!"

Dattawa huɗu suka fito, sai wani Bafillace da ya ajiye sandarsa. Jumai da Ikilima suka kama ƙarshe. Sauran suka matso, amma don su fi gani. Wani ya raɓo ta kafaɗar Jumai, ya kawo waya daf da fuskarta. Ta ji numfashinsa a kunnenta.

Uzairu ya hau sama kaɗan, ya yi bisimilla ya faɗa. Ruwa ya fizge shi, ya nutse, ya taso, yana yanka yana nufar ɓauren. Igiya na zarewa ta tafin Jumai tana ƙona shi, ba ta ji ba. Bakinta na ambaton Allah, idonta na kan farin kan mijinta. Ta ga ya juyo ya ga mai zuwa. Ta ga ya saki hannu ɗaya ya miƙa.

Sai igiyar ta tsaya cak. Ta ƙare.

Tsakanin Uzairu da reshen bai fi gaba uku ba. Yana ta fafutuka wuri ɗaya, ruwa na dukan fuskarsa.

"A ƙara! A ƙara igiya!" wani dattijo ya yi ihu.

Jumai ta fizge mayafinta, Ikilima ma haka. Bafillacen ya warware rawaninsa. Tana cikin ƙulla mayafin da bakin igiyar, sai ta ji wata ƙara mai nauyi daga cikin ruwan, taron kuma ya ɗauki salati gaba ɗaya.

Ta ɗago. Babu ɓaure. Saiwoyinsa ne a sama suna juyawa, ruwa na tafiya da su.

Mutane suka ɗunguma suka bi gaɓa da gudu, hannuwansu a sama. Aka bar su bakwai suna jan Uzairu, har suka fito da shi yana aman ruwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Suna nan durƙushe ɗan acaɓan ya iso, babbar igiya naɗe a kafaɗarsa.

* * *

Washegari da hantsi aka tsinci Malam Alu a wata fadama can ƙasa, kara ya tare shi. Aka yi masa sutura kafin azahar.

Ranar uku gidan ya cika. Masu gaisuwa na shiga suna fita, kowa na cewa kwana ne ya ƙare, ita kuma tana amsawa da amin. Tafukan hannunta biyu sun kumbura, an shafa musu man kaɗanya. Daga zaure tana jiyo muryar Khalid yana karɓar gaisuwar maza.

Da la'asar ta fita alwala, sai ta tarar da 'yarta A'isha, wadda ke aure a Rano, a raɓe bayan rumbu tana kuka a kan waya. Da ta ga uwar ta yi saurin kifewa.

"Ba ni," in ji Jumai.

"Inna, don Allah kada ki kalla. Bidiyon Baba ne a rafi, tun shekaranjiya ake ta turo mini."

"Ban ga fuskarsa ba ranar, ya yi mini nisa. Ba ni."

A'isha ta mayar da shi farko, ta miƙa mata.

Ga rafin nan, amma bai kai yadda ta same shi ba. Ga Malam Alu tsaye a gindin ɓaure, hularsa a kansa, fartanyarsa a hannu. Ruwan ko gwiwarsa bai kai ba. An jawo hoton kusa har tana ganin ɗigon ruwa a gemunsa. Ya kare ido da hannu, ya leƙo, fuskarsa ta saki kamar wanda ya ga ɗan gida a baƙuwar kasuwa.

"Khalid! Kai ne?" Muryarsa ta fito sarai, babu tsoro a cikinta. "Alhamdulillahi. Maza je gidan Uzairu, ka ce ya zo da igiya. Ruwan ƙaruwa yake."

"To, Baba," wata murya ta amsa daf da wayar. "Yanzun nan."

Jumai ta ƙura ido, tana jira hoton ya girgiza, ya karkata ƙasa, ya nuna ciyawa da ƙafafu, yadda zai yi in mai riƙe da wayar ya juya da gudu. Malam Alu ya jingina fartanyarsa da bishiya, ya gyara tsayuwa, yana jira shi ma.

Hoton bai motsa ba.