Kifayen Anisa a Gindin Tanderun Bawa

A unguwar Gudel ta Yamai, in ka ce Tsoho Yakuba babu mai tambayarka wanne. Shekara arba'in da biyu ya yi a kan gulbi yana su. Dorina ta kifar masa da jirgi, ya fito da ƙafafunsa biyu da tarunsa a hannu. Ambaliya ta cinye masa gida sau biyu, sau biyu ya sake kwaɓa ƙasa. Bai taɓa zama a bencin lakwal ya yi boko ba, amma in ya tsoma yatsa a ruwa zai gaya maka irin kifin da zai yarda ya zauna a ciki. Shi ya sa da jikarsa Anisa za ta tafi Damagaram karatun aikin jinya, ba ta bar wa kowa kifayenta ba sai shi.

Kifi biyu ne na kallo, irin da ake kira beta. Kowanne bai wuce babban yatsa ba, sai jela kamar an baza mayafi. Ɗaya ja, ɗaya shuɗi, kowa da ɗan akwatinsa na gilashi.

"Kaka, abu biyu ne kawai," in ji ta. "Kada ruwansu ya yi sanyi, ƴan ƙasar zafi ne. Kuma kada su haɗu. Maza ne duka, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Ka bar kwalin nan a tsakaninsu, ko ganin juna kada su yi."

"Amarya, ni za ki koya wa kifi? Je ki karatunki. In kin dawo kika tarar ko zare ɗaya ya fita daga jelarsu, ki sake miji."

Da sanyi ya sauka a Yamai, sai aka ga aiki. Ɗan ƙarfen ɗumama ruwa da Anisa ta bari sai da kuran, wato wutar lantarki, yake yi, kuran kuwa yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Wata safiya Yakuba ya tarar da jan kwance a ƙasan gilashi, launinsa ya koɗe, ya ƙi ko kallon abinci. Ya zare ƙarfen ya jefa a kwano. Ya yanka tsohon bargonsa gida biyu ya naɗe akwatunan. Ya cika kwalabe huɗu da ruwan ɗumi ya jingina a jikinsu, suna hucewa yana sakewa. Ruwan zafi bai taɓa zuba musu kai tsaye ba, don ya san kifi ya fi tsoron sauyi na farat ɗaya a kan sanyin kansa. Da hantsi ya fitar da su rana kaɗan, da la'asar ya maida su ɗaki ya rufe da faifai, ya bar kafar iska. Ma'auninsa gwiwar hannu. Kwana uku jan ya tashi yana baza jela. Babu wanda bai ji labarin nan ba a Gudel, har mai sayar da gawayi.

Ana cikin haka aka kira shi daga Gaya, yayarsa ta rasu. Dole ya je, dole ya zauna har sadakar uku. Ɗansa Musa direba ne yana hanyar Agadas, matar ɗan kuma tun safe take fita kasuwa. Sai ya tuna da Bawa.

Bawa mai burodi abokinsa ne tun suna samari, mota ɗaya ta kawo su Yamai daga Gaya. Tanderunsa na itace ne, bangon bayansa ba ya hucewa. Yakuba ya kai akwatunan da kansa, ya yi ta matsar da su yana gwadawa da gwiwar hannu har ya sami wurin da ɗumin ya yi daidai, taku ɗaya daga bango.

"Nan za su zauna, Bawa. Kada ka matsar, kada ka zuba komai. Abinci ƙwaya uku-uku da safe. Wannan kwalin kuwa, ko gobara ta tashi ka ɗauke su da shi a tsakani."

"Me zai faru in an cire?"

"Kashe juna za su yi."

"Waɗannan ƴan abubuwan?" Bawa ya yi dariya. "Tafi ka binne yayarmu, Yakuba. Allah ya jiƙanta. Amanarka tana hannuna."

Kwana huɗu ya yi. Ya sauka a tasha da rana tsaka, ya shiga taksi mai zuwa Gudel. Lokacin kokowar takobi ne, gasar da jihohi ke yi duk shekara, rediyon direba sai ihun fili yake. A kujerar baya wasu mata biyu suna kallon bidiyo a wayar salula suna ƙyalƙyala dariya.

"Baba, dubi kokowar da ta fi ta rediyo," in ji ɗaya, ta miƙo masa.

Ya karɓa don kada ya ƙi. Roba ce ta wanke hannu, da ruwa rabi, ƙafafun mutane sun kewaye ta. A ciki ja da shuɗi suna juyi, sun baza kunnuwa, suna cizon juna. Ya gane tabarmar, ya gane buhunan fulawa. Sai kuma murya ta fito, muryar da ya sani shekara hamsin.

"Ga ɗan Maraɗi da jar riga, ga ɗan Doso da shuɗiya. Ku matsa a ga fili." Can sai muryar ta kumbura, ta koma irin tasa. "Ni Yakuba, ni dorina take gani ta yi sallama. Ni kifi yake tambaya kafin ya sha ruwa."

Mutane suka fashe da dariya a cikin salular, matan ma suka sake fashewa. Yakuba ya miƙa mata abinta. Yana sauka a Gudel ya nufi wurin Bawa.

Ya tarar da Bawa yana fitar da burodi da dogon cebur ɗinsa. Akwatunan suna inda ya bar su, da kwalin a tsakani, an ma gyara naɗin bargon. Ɗaya babu kowa a ciki. A ɗayan shuɗin yana kwance a gefe, jelar ta zama tsumma.

"Sannu da hanya. Ya haƙuri?" in ji Bawa. Bai ɗago ba.

"Ina jan?"

"Wallahi abin ya dame ni. Shekaranjiya sanyin ya yi yawa, na ga sun lafe. Na ce bari in haɗa su su ɗumama juna, kamar yadda ake yi wa ƴan tsaki. Kafin in juya..."

"Ɗan Maraɗi da ɗan Doso," in ji Yakuba.

Bawa ya jingine cebur ɗin. Ya share hannu a riga, ya sake sharewa.

"Mutane ne suka matsa mini. Suna jiran burodi, rediyo tana kokowa, na ce musu kai ka ce waɗannan ma suna yi. Suka ce ƙarya ne, cika bakinka ne na kullum. To ni ma ban yarda ba, Yakuba. Kai komai naka sai ya fi na kowa. Na ce minti ɗaya mu gani."

"Da muryata kuma wa ya matsa maka?"

"Wasa ne. Tun yaushe muke wasa da kai?"

"A gabana kake yi. Wannan ina zaman makokin matar da ta sha dafa maka tuwo."

Masu jiran burodi suka juyo suna kallonsu. Bawa ya rage murya.

"Kala suru, sai haƙuri, abokina. Kifi ne fa. Gobe mu je kasuwar Bukoki, akwai mai sayar da su, in nemo ja kamarsa, yarinyar ba za ta gane ba. In ba a samu ba ka ce sanyi ne. Kowa ya san sanyin bana. Shuɗin kuma bar shi nan ya murmure, ka san babu ɗumi irin na bangon nan."

Wannan gaskiya ce, Yakuba ya san gaskiya ce. Ya tsaya yana kallon bangon. Sannan ya nemi kwalba mai faɗin baki, ya ɗebi ruwan akwatin, ya tallabo shuɗin a hankali ya sa a ciki. Ya ɗaga riga ya manna kwalbar a fatar cikinsa, ya ɗaure da rawani. Akwatunan ya ce Musa zai zo ya ɗauka.

Ya taka zuwa gida a hankali kamar mai ciwon ciki, don kada ruwan ya girgiza. Mutane suna yi masa ta'aziyya a hanya yana amsawa da kai. Yana zama a ƙofar ɗaki, tun kafin ruwan kwalaben ya yi ɗumi a kan gawayi, salularsa ta yi ƙara. Anisa ce.

Ta yi masa gaisuwar rasuwa, ta tambayi mutanen Gaya. Sannan ta ce, "To angona, ya kishiyoyina biyu? An ce sanyi ya hana ku wanka a Yamai."

"Ɗaya ya rage, Anisa. Shuɗin. Shi ma da rauni, yana nan a jikina."

Ba ta saba jin sunanta a bakinsa ba.

"Sanyin ne ko, Kaka? Ba komai, na san ka yi iya ƙoƙarinka."

Ya ji kifin ya ɗan motsa a cikin kwalbar.

"Ba sanyi ba ne," ya ce. "Sanyi bai taɓa su ba. Ni ne na ɗauke su da hannuna na ba wani."