Ƙarar Cokali

Shekara arba'in Sabuwa tana gidan Malam Usmanu a Nasarawan Doya, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mutanen unguwa suna cewa haƙuri gare shi. Ita ta san ba wani haƙuri, shayi ne. Da hantsi zai jawo butarsa mai baƙin gindi, ya hura gawayi, ya jefa citta da kanumfari, ya zuba suga cokali huɗu, ya yi ta juyawa, cokali na ƙara a jikin kofi har maƙwabta su ji. In ya kurɓa ya lumshe ido, ko ce masa ka yi shanu sun shiga gonarsa, sai ya ce Allah ya sa su ƙoshi.

To, sai kututturen rake ya soke shi a babban yatsan ƙafa, ciwo ya ƙi warkewa har wata biyu. Sabuwa ta matsa suka tafi asibiti a Makarfi. Wata nas, Mukarrama, yarinya ce amma bakinta ya girme ta, ta ɗiga jininsa a kan wata 'yar na'ura ta duba.

"Baba, ciwon suga ne. In ba ka bar suga ba, yatsan nan cire shi za a yi. Ku dawo bayan sati uku."

Washegari ya dafa shayi ba suga, ya kurɓa sau ɗaya, ya tofar, ya rataye buta a ƙusa. Daga ranar gida ya rikice. Ya zauna, ya tashi. Ya shiga zaure, ya fito. Ya ƙirga kaji sau uku ya ce ɗaya ta ɓata, alhali tana kan ƙwai. Ya ciro ƙyauren ɗaki wai zai gyara, ƙyauren da lafiyarsa ƙalau, ya bar shi jingine. Ya ɗingisa har ƙofar maƙwabcinsa Uwaisu ya tayar da maganar iyakar gona wadda aka kashe tun iyayensu na raye.

"Malam, ka zauna mana, ƙafar nan fa," in ji Sabuwa da ya dawo gida.

"A kan me zan zauna? Wa ya gusar min da tabarma?"

"Inda ka bar ta take."

"To wa ya gusar da inuwar?"

Rana ta tara Sabuwa ta ji ita ma barin gidan take so. Tana share rumbu sai ta ci karo da mazarƙwailar da ƙanenta Safiyanu ya aiko, shi da yake matse rake a fadama. Ta tsaya riƙe da ita tana tunani. Suga aka hana. Suga fari ne, na kanti, a leda yake zuwa. Wannan kuwa ja ce, a gaban idonta ake dafa ta. Ina ruwan wannan da wancan? Ta sauko da buta da kanta, ta ɓantari dunƙule mai kyau ta jefa.

Malam ya kurɓa, ya lumshe ido. Kafin azahar ya mayar da ƙyaure, ya aika wa Uwaisu da goro. Sabuwa ta riƙa jin kanta, har ta ba matan unguwa biyu wannan dabara.

Da suka koma asibiti, Mukarrama ta kwance ƙafa, ta duba na'ura, ta sake dubawa.

"Baba, ai sama ya yi. Kana shan suga."

"Ko ƙwaya," in ji Sabuwa. "Ni nake dafa masa. Mazarƙwaila kawai."

Yarinyar ta ajiye audugar da ke hannunta. "Inna, da me ake yin suga?"

"Na sani? Can wajenku ake yi."

"Da rake, Inna. Raken nan naku. Wanka kawai aka yi masa ya yi fari."

Sabuwa ta dubi yatsan, gefensa ya soma duhu. Da hannunta ta yi ta ɗura masa kwana goma sha biyu, tana kuma yabon kanta.

"Kwana goma na ba ku," in ji Mukarrama. "In bai sauka ba, likita ne zai yi magana, ba ni ba."

Suna isa gida Malam ya fara zagayen tsakar gida, yana hararar ƙyauren nan. Sabuwa ta biya ta gidajen matan biyu ta janye dabararta, ta dawo ta hura gawayi. Ta ninka citta, ta ƙara masoro da na'a-na'a, ta bar shayin ya dahu har ya yi duhu. Sai ta juya wa Malam baya, ta kai dunƙulallen hannu bakin kofi, ta buɗe. Ba komai a ciki. Ta ɗauki cokali ta shiga juyawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ta daɗe kamar mai narkar da dutse.

Tun kafin ta gama ya daina zagaye. Ya zo ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafar. Ya karɓa ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya riƙe a baki. Sabuwa tana jiran tofarwa. Ya haɗiye.

"Mazarƙwailar bana ba ta da zaƙi."

"Ruwa ya yi wa rake yawa."

"Haka ne," ya ce. Shi da yake zaune a asibiti ya ji komai da kunnensa. Ya miƙo mata kofin. "Ƙara juya min, ba ta gama narkewa ba."

Ta juya. Haka suka yi kwana goma, safe da la'asar, tana narkar da babu yana sha. Da suka koma, Mukarrama ta duba ta ce bakin ciwon ya fara tsotsewa, a ci gaba da abin da ake yi.

"Me kike sa masa yanzu, Inna?"

Sabuwa ta gyara mayafi. "Cokali."