Gangar makokin Delbert Cissell

An tashi daga zaman makokin Delbert Cissell ranar Asabar da wuski malale a ƙasa, 'ya'yansa biyu kuma ba sa ga maciji da juna. 'Yarsa Orvetta ce ta kifar da gangar wuskin a gaban masu ta'aziyya, bayan kurɓi ɗaya. Abin ya faru da la'asar a tsohon rumbun ganguna na gidan Cissell, a bakin rafi gabas da Bardstown, jim kaɗan bayan an binne mamacin a maƙabartar coci.

Delbert ya rasu yana da shekara tamanin da bakwai. Shi ne na huɗu a gidansu da ya yi sana'ar dafa burbon, wato wuskin masara. Orvetta ce babba, kuma ita ce mai ɗanɗano: babu gangar da ake ɗurawa a kwalba sai ta shinshina ta ce ta yi. Ƙanenta Wendell shi ke riƙe da masana'antar tun da uban ya ajiye aiki.

A gidan Cissell, duk mai dafawa yakan cika ganga guda da hannunsa a makonsa na ƙarshe a bakin aiki, ya rubuta sunansa a kanta, a kai ta lungun ƙasa na tsohon rumbu, inda sanyin rafi ke sa wuski ya nuna a hankali. Ba a buɗe ta sai ranar makokinsa. Ba a ma zuwa duba ta, domin leƙa gangar mutum yana da rai kamar yi masa fatan mutuwa ne. Delbert ya cika tasa kusan shekara ashirin da suka wuce, da masara da alkama, yadda ya gada. Shekarar da ta biyo baya Wendell ya daina sa alkama, ya koma hatsin rai, saboda masu saye sun fi son mai yaji. Abin da Delbert ya dafa an sayar an shanye tuntuni. Gangar nan ce kaɗai ta rage.

Daga maƙabarta aka wuce rumbu. An jera tebura, matan coci sun kawo soyayyun kaji da wake da burodin masara. Yawancin waɗanda suka zo tsofaffin sana'ar ne, masu dafawa da masu haɗa ganga da masu murgina ta, kowa riƙe da ƙaramin kofin gilashi. Ma'aikata biyu suka murgino gangar, suka sa mata katako a gindi don kada ta motsa.

Kawu Burl, ƙanen mahaifiyarsu, wanda ya yi shekara arba'in yana murgina ganguna kafin bayansa ya ƙi, ya karkata kunne yana sauraro.

"Kai, Delbert!" in ji shi. "Har mala'iku ma tsoronsa suke ji. Shekara ashirin ba su taɓa rabonsu ba."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Kowa a wurin ya san ganga tana shan iska ta jikin katako, wuskin yana raguwa kowace shekara, abin da 'yan sana'ar ke kira rabon mala'iku, kuma mai shekarun wannan in ta kai rabi an gode. Wannan kuwa a cike take, ko motsin ruwa ba a ji a cikinta.

Wendell ya ɗauki gudumar katako ya bubbuga gefen toshin har ya yi tsalle ya fito. Ya zura dogon bututun jan ƙarfe, ya zuƙo, ya fara zuba wa yayarsa, sannan sauran. Fada, limamin cocin, ya yi gajeriyar addu'a. Aka ɗaga kofuna.

Orvetta ta ɗaga nata ta fuskar ƙofa, inda haske ke shigowa. Launinsa kamar zuma ne, alhali ya kamata ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a buta. Ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Sannan ta juya ta tofar a ƙasa.

Ba ita kaɗai ta ji ba. Alkama takan kwanta a harshe da taushi, wannan kuwa yana cizo a maƙogwaro kamar barkono. Tsofaffin suka sauke kofunansu, kowa yana kallon takalminsa.

"Wendell," in ji ta. "Mene ne wannan?"

"Gangar Baba ce, Yaya. Ga sunansa nan a jiki."

"Na iya karatu. Na ce mene ne a ciki?"

"Mu yi maganar nan a gida."

"Nan ne gida. Baba bai taɓa sa ƙwayar hatsin rai a tukunyarsa ba, ko a mafarki. Wannan naka ne. Bai fi shekara shida ba, kuma na san rumbun da ya fito, ni na ɗanɗana 'yan uwansa a bazara."

Wendell ya ajiye bututun a kan ganga. Ya rage murya, amma rumbu yana ɗaukar magana, kowa ya ji. Ya ce shekarun baya, lokacin da aka gyara ƙasan rumbun don baƙi masu yawon buɗe ido su sami wurin zama su ɗanɗana, ya sa an kwashe duk gangunan da ke ƙasa an hau da su sama. Ta Baba ta bi ayari. Bai tuna da ita ba sai ranar Alhamis, bayan rasuwa, da ya je lungun ya tarar da bango da kujeru. A hawa na ƙarshe ya same ta, dab da kwanon rufi.

"Dab da kwano," in ji Orvetta. "Inda mutum ba ya iya tsayuwa da rani."

"Ba da gangan na yi ba."

"Shekara nawa tana can tana tafasa?"

"Goma sha wani abu."

"Kai da aka haifa a cikin warin nan. Ko ɗan fashin da ya shigo sata ya san ba a kai tsohuwar ganga sama. Ka cire uban da ya haife ka daga wurinsa don wasu masu gajeren wando su zauna su ɗauki hoto."

"Masu gajeren wandon nan su suka hana a rufe gidan nan! Ke kina zaune a ɗakinki ana kawo miki a kofi, kina yatsina fuska. Yaushe rabonki da hawa bene? Me kike so in yi jiya? In tara jama'a in miƙa musu kofi babu komai?"

"Ƙwarai kuwa. Ka miƙa musu babu komai, ka ce ni Wendell na yi sakaci. Da an ji haushi an wuce. Amma ka dubi mutanen nan, ka dube su da kyau, ka ce za ka ba su hatsin rai a sunan alkama? Wa ka raina, su ko ni?"

"Na ɗauka ranar makoki ba wanda zai tsaya bin ƙwaƙƙwafi."

Kawu Burl ya ce, "Yaro, da ruwan rafi ka zuba da sai mu ce tsufa ne ya kashe mana harshe."

Ba wanda ya yi dariya. Fada ya matso ya ce, "'Ya'yana, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

"Fada, ka yi naka a coci, mun gode," in ji Orvetta. "Wannan ba na coci ba ne."

Ta juya ga ƙanenta. Muryarta ta sauka, kuma waɗanda suka san ta sun ce sun fi tsoron hakan.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka same ta a sama, akwai saura a ciki?"

Wendell ya juya ya dubi gangar.

"Ko kofi ɗaya ne. Ko ya yi baƙi ya yi ɗaci kamar kwalta. Ka kwashe shi gefe kafin ka zuba naka, ko a kansa ka zuba?"

"Na ce miki mu je gida."

"A kansa ka zuba?"

"Ba zan tsaya kina yi mini shari'a a gaban ma'aikatana ba."

Orvetta ta ajiye kofinta a kan tebur. Tana sanye da baƙar rigar coci da takalmi mai tsini. Ta sa ƙafa ta shure katakon da ke tokare da gangar, ta dafa ta da hannu biyu ta tura. Gangar ta juya a hankali har bakinta ya koma ƙasa. Wuskin ya fara bulbulowa, ya bi tsagin katakon ƙasa, ya shiga ƙarƙashin tebura. Mata suka tattare riguna. Wani ya yi ihu a kashe taba kada wuta ta kama, wani tsoho ya fita da gudu da lofensa a hannu. Wendell ya yunƙura zai juya gangar, santsi ya kwashe shi, ya durƙusa a ciki da wandon jana'iza.

"Orvetta," in ji Kawu Burl, "in akwai na Delbert a ciki, ai kin zubar da shi ke nan."

"In an gauraya, ba nasa ba ne, Kawu."

Ta tsaya har gangar ta daina ƙara. Ta ɗauki jakarta, ta bi ta tsakiyar ruwan ta fita. Mutane suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, suna barin kofunansu a cike a kan tebur. Kajin ma ba a ci ba, matan coci suka rufe su suka mayar mota.

Tun ranar Orvetta ba ta koma bakin aiki ba. Gangunan da aka ware don ɗurin hunturu suna nan a jere, domin ba wanda zai sa su a kwalba ba ta ɗanɗana ba, kuma tsofaffin da Wendell ya nema su tsaya a madadinta duk sun ce mura ta kama su. Ta aika masa ta bakin Kawu Burl cewa za ta dawo ranar da ya ajiye mata sauran wuskin Baba a gabanta, ko ya dube ta ya ce babu.

Ma'aikatan da suka sauko da gangar ranar Juma'a sun ce ba a bushe take ba. Sun ji wani abu yana motsi a gindinta, ɗaya ya ce galan guda, ɗayan ya ce bai kai ba. Sun ce Wendell ya sallame su, ya rufe ƙofa, ya daɗe shi kaɗai kafin ya kira a kawo sabon wuskin. Da aka tambaye shi abin da ya yi a wannan tsakanin, ya ce maganar gida ce. Har zuwa jiya bai kai wa yayarsa komai ba, bai kuma ce mata babu ba.