Reza a Gindin Kofi

"Rage murya, Auta, Baba yana ciki!"

"Ba zan rage ba. Wata uku kina dakushe masa reza, kuma ni ne zan rage murya?"

Yaya ta yi tsuru-tsuru a kicin. An kama ta dumu-dumu. Ƙanin nata, da ba ya leƙo gidan sai an ga wata, shi ne ya shigo neman ruwa ya tarar tana goga sabuwar reza a gindin kofin tangaran, tana kashe mata kaifi.

"Kana ina ranar da ya yanke a wuya?" in ji ta. "Tawul biyu ya jiƙe! Likita ya ce da maganin tsinka jinin da yake sha, ƙaramin yanka ma sai ya kai shi asibiti."

"To ki karɓe abin mana."

"Bismilla, sarkin baki. Karɓe in ka isa."

Ai kuwa babu wanda ya isa. Mahaifinsu ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo, kuma duk duniya ba shi da abin da ya kai masa abin askin nan na ƙarfe, irin na da, wanda ake kwancewa gida uku a sa reza a tsakiya. Gadon babansa ne. Kullum ya gama aski sai ya kwance shi, ya jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, ya bi haƙoransa da tsohon buroshi, lungu kuma da tsinke. Ya tsane shi da farin tsumma, ya ɗiga masa man keken ɗinki inda ake murɗawa. Soson ƙarfe kuwa ko kusa. Marigayiya matarsa takan ce da ita ake yi wa rabin wannan hidimar, da ƙofa ba ta ɗauke ta ba don ƙiba.

To, sai ido ya dushe, hannu ya kama rawa. Yaya ta rasa ta yi. In ta ce ya daina, ta san kamar ta ce masa ya tashi aiki ne. Shi ya sa ta koma dabara: ya yi ta ja a fuska gemu na nan daram, can ta zo da injin aski ta ce, "Kawo in ɗan daidaita maka, Baba." A ganinta an rabu lafiya.

Auta ya buɗe baki zai ƙara, sai suka ji jan takalmi. Tsohon ne a bakin kicin, kumfa ta bushe a rabin fuskarsa.

"Baba, ruwa za a kawo?" Muryar Yaya ta sirance.

Ya miƙo hannu ta ba shi rezar. Ya shafa bakinta da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Ashe reza ce," ya ce.

"Baba, tsoro nake ji..."

"Na dafa abin askin a tukunya. Na canja buroshi. Na ce ko kan ne ya karkace, na matse shi da filaya." Ya zaro abin askin daga aljihu ya ajiye kusa da kofin. "Shekaranjiya na sa masa zarto."

Yaya ta duba. Haƙoran nan da ke jere reras an cinye su, biyu sun karye, farin ya goge sai jan ƙarfe. Murfin ma ya ƙi zama. Ko wane gwani aka kai wa, wannan ya gama aiki.

"Shekara saba'in bai yi tsatsa ba," in ji tsohon. "Lafiyarsa ƙalau, na kashe shi da hannuna. Ina ta cewa a raina, kai da kake tada agogo matacce, yau abin aski ya gagare ka."

"Da ma na gaya mata..." in ji Auta.

"Kai kuma rufe mana baki, baƙo," in ji tsohon.

Yaya ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa. "Ka yafe mini, Baba. Zan nemo maka irinsa, wallahi ko ina yake."

"Ki nemo wa wa?" Ya janye rigar a hankali. "Da kin ce mini, Baba, hannunka ya gaji, da na yi fushin kwana biyu, na naɗe abuna a tsumma na ajiye wa jikana."

Ya juya yana dafa bango. Ta bi shi tana kira, ya wuce falo, ya laluba mariƙin ƙofa har sau biyu kafin ya kama. Ya fita da kumfar a fuska, ya bugo ƙofar garam.