Ba A Tashin Ɗan Haya Da Sanyi

Odile ta ɗora hannu a kan makunnin da ke rufe ruwan gidan, a ƙarƙashin matakala, amma ta kasa murɗawa. 

Tun safe ruwa ke zuba daga rufin ɗakinta. Bastien, ɗan hayarta na saman bene, shi ya toshe bahon wanka ya saki famfo. Tun bazara ya daina biyan haya, kuma ba don babu ba, ga sabuwar motarsa nan a ƙofar gida. Da ta kai ƙara alƙali ya ba ta gaskiya, sai dai sanyi ya riga ya shigo, doka kuwa ta hana tashin ɗan haya sai sanyin ya wuce. Ruwan nan shi ne tukuicin ƙarar.

Ɗazu ta kira 'yan sanda, suka ce rikicin haya ba nasu ba ne. Ta kira yayanta Fernand, ya roƙe ta kada ta taɓa makunnin: mai gidan da ya yanke wa ɗan haya ruwa, ko ya shiga masa ɗaki, shi ne mai laifi, shi ake ɗaurewa.

Ta ji takun mutum. Bastien ne a saman matakala, yana cin burodi, ya saita ta da wayarsa yana ɗaukar bidiyo.

"Murɗa mana, Kaka," in ji shi. "Ki ɗan yi murmushi, alƙali zai kalla."

"Ɗana, rufin zai rufto mini."

"To ki gaya wa mai gidan."

Ta janye hannunta a hankali.

Tana komawa ɗaki ta tarar silin ya yi ciki, ya tsage daga bango zuwa fitila. Wani ɓangare ya riga ya faɗo a kan gado, daidai gefen da marigayi mijinta yake kwanciya. Ruwa na bin wayar fitilar yana sauka. Ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. Ta miƙa hannu daga bakin ƙofa ta zaro rigar sanyi da jakar magungunanta.

A tashar bas ƙanƙara na sauka a kafaɗarta, makullan gidanta na cikin aljihu. Ta waiwaya. Tagar bene ta yi gumi saboda ɗumi. Doka ta tsaya a kan maganarta: ba a fitar da ɗan haya cikin wannan sanyi ba.