Jar Tawada a Bayan Gilashi

Radka na baranda tana gasa jan tattasai na ajiyar hunturu lokacin da Bistra ta bugo waya. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Lelya Radka, mun iso kan faranti mai lamba 4127." Lelya, wato goggo, haka take kiranta.

Radka ta manta da tattasan, har ɗaya ya ƙone ƙurmus.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji ta. "Ga ni nan zuwa."

Shekara talatin da takwas ta yi a ɗakin awo na cibiyar nazarin taurari da ke Sofiya. A wancan zamani maza ke hawa dutse su kwana da madubin hangen sama, su sauko da akwatunan farantan gilashi. Mata biyar na ɗakin awo kuwa su wuni a kansu. A gilashin, sama fara ce, taurari baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa masoro. Su auna girman kowane ɗigo, su gwada shi da maƙwabtansa, su sa shi a ajinsa, su rubuta a kundi. Wanda ya ga wani abu mai ɗaukar ido sai ya juya farantin ya yi alama da tawada a bayansa. Kowa da launinsa: Radka shuɗi, mijinta Luben ja, tsohon shugabansu kore, shi kaɗai, don kada a ce ya yi tarayya da talakawa.

Yanzu ana zuba farantan duka cikin kwamfuta, kuma na'urar da ke karanta su ba ta san tawada daban da tauraro ba. Saboda haka sai a ɗauki hoton rubutun, a sa auduga da sifirit a goge shi tas. Rubutun mutanen da rabinsu suna maƙabarta, fisabilillahi! Radka ta yi masifarta tun bara, ta gaji ta bari. Amma 4127 daban ne.

Ta sami Bistra a ɗakin ƙasa, tsakanin kabad-kabad na ƙarfe. Ita ce shugabar ma'ajiyar yanzu, har da furfura, amma Radka ce ta koya mata riƙon faranti ta gefe, don haka har gobe yarinya ce a wurinta.

Radka ta miƙa mata ƙunshin gasasshiyar fulawa mai cuku. "Ungo banitsa, yarinya. Kin rame kamar ba a biyan ku."

"Lelya, ba a cin abinci a nan."

"Mu a nan muka ci, muka yi gulma, muka rene ki. Ina yake?"

Yana kan teburin haske, bayansa a sama. Radka ta ga jan da'ira, da rubutun nan na Luben mai kama da tafiyar kaza: Radka, sake dubawa. Sai ta ji kamar jiya aka binne shi, alhali shekara shida ke nan.

A kakar 1983 Luben ya ɗauki farantin, lokacin da suke farautar taurarin da suke kira masu fushi. Ƙananan jajaye ne, suna zaune shiru, sai ɗaya ya tashi ya balbale na 'yan mintoci ya koma kamar ba shi ba. Dabarar kama su ita ce a ɗauki hoto sau shida a faranti ɗaya, ana ɗan gusa shi duk minti goma, sai kowane tauraro ya fito ɗigo shida a jere kamar duwatsun wuya. Idan duk girmansu ɗaya, lafiya. Idan ɗaya ya kumbura, an kama ɓarawo.

Luben ya sauko daga dutse bai ko aske gemu ba, ya ce ya kama ɗaya: ɗigo na huɗu ya kumbura. Radka ta leƙa sau ɗaya ta ce datti ne a jikin gilashi. Ya ce ta dubi na biyar, shi ma ya ɗan fi na shida, alamar fushin na hucewa. Ta ce ba ta da lokaci. Ta sa tauraron a ajin masu zaman lafiya, kundin ya tafi maɗaba'a da sunanta a bango, karo na farko a rayuwarta.

Shi kuma da zafin rai ya ja da'irarsa da ƙaton alƙalami, ya rubuta saƙonsa, wutsiyar sunanta ta bi ta kan ɗigo na biyar da na shida ta rufe su ruf. Mutum ya binne hujjarsa da hannunsa! Da ta yi masa dariya sai ya ce, "Ba komai. Ranar da kika shirya dubawa, ke za ki goge."

Ba ta shirya ba. Maganar ta zama abin tsokana a gida. Gishiri ya yi kaɗan a miyar wake: "Radka, sake dubawa." Ta ce babu makullinsa a aljihun kwat: "Radka, sake dubawa." Ita kuma ta ce, "Je ka koyi rubutu tukuna, malam mai gano datti." Haka suka yi ta yi shekara talatin da huɗu, ba wanda ya sauko.

"Ga abin da ya sa na kira ki," in ji Bistra, ta juyo mata da fuskar kwamfuta. "Sabon awon da tauraron ɗan'adam ya yi ya nuna nisan tauraron nan na Luben da launinsa. Ƙaramin ja ne, Lelya. Irin masu fushin ne sak. Sai dai ba a taɓa kama shi yana yi ba, ko sau ɗaya. In abin da ke ƙarƙashin tawadar nan gaskiya ne, za a sauya masa aji, a rubuta cewa Luben ne ya fara gani."

"In kuma datti ne?"

"Datti ne, kin ci gardama."

"Rubutun fa?"

"Na ɗauki hotonsa."

"Hoto!" Radka ta ja tsaki. "Ina da hotonsa shi kansa ajiye a saman talabijin, ya taɓa ce mini sannu?"

Bistra ta sunkuyar da kai. "Zan iya tsallake shi. In rubuta cewa ya tsage, in mayar da shi kabad. Ba mai tambaya."

Radka ta zauna. Wallahi ta so ta ce to. Wasiƙunsa na samartaka sun tafi da ruwan da ya ci ɗakin ajiyarsu tun tuni. Luben ba mai rubuce-rubuce ba ne, komai da baki yake faɗa, da ƙarfi. Wannan ne kaɗai wurin da hannunsa ya rubuta sunanta ya saura a duniya. Ta ga inda alƙalamin ya karce don haushi, ta ga ɗan ɗigon da ya fallatsa gefe. Idan aka bar shi, sunanta na nan da hannunsa. Sunansa shi kuwa ba zai taɓa shiga kundi ba.

"Kin san me ya hana ni dubawa?" ta tambaya.

"Taurin kai. Kowa ya sani."

"Rufe mini baki. Tsoro ne. Kundin ya riga ya tafi, da sunana a kai. Na ce in na duba na ga shi ne da gaskiya, ina zan sa kaina? Daga baya kuma kunya ta hana. Shi ma ya sani, ɗan banza, shi ya sa bai taɓa gogewa ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba ni audugar."

"Bari in yi miki."

"Ke ya ce wa ki goge?"

Ta jiƙa audugar. Hannunta da ke rawa in ta ɗauki kofin shayi ya tsaya cak, kamar yadda ya saba in ya ji gilashi. Ta fara daga ƙarshe. "Dubawa" ta tafi, "sake" ta bi ta, sannan da'irar. Audugar ta yi jawur, warin sifirit ya cika ɗakin, warin kowace safiya ta ƙuruciyarta. Saura sunanta. Ta ɗan tsaya, ta dube shi da kyau, sannan ta shafe shi da jan hannu ɗaya.

Bistra ta miƙa hannu za ta kai farantin na'ura.

"Tsaya. Injinki ya jira. Ni aka aika."

Ta ciro tsohon madubin awonta daga jaka, ta kafa shi a ido, ta sunkuya. Ɗigo na ɗaya, na biyu, na uku, ƙanana, girmansu ɗaya. Na huɗu ƙato, zagayayye sumul, ba irin gefen datti mai tsage-tsage ba. Na biyar ya kai rabinsa. Na shida ya kusa komawa yadda yake. Ko ɗalibar wata uku za ta gane wannan, balle ita.

Ta daɗe a sunkuye.

"Rubuta," in ji Radka daga ƙarshe. "Luben Parvanov, Satumba 1983. A kundina kuma, shafi na sittin da biyu, ki sa gyara. Ki ce kuskuren mai awo ne, ki sa sunana cikakke."

"Ba sai an sa suna ba, Lelya."

"Ki sa, na ce."

Ta ɗauki jar audugar daga kan tebur, ta naɗe ta a hankici, ta sa a aljihun rigar sanyinta. Sannan ta sake duban gilashin, wanda yanzu ya zama fes kamar ba a taɓa rubuta komai a kansa ba.

"To, na duba, Luben," ta ce. "Kai ne da gaskiya."

Ta ɗan saurara, don mutumin bai taɓa barin a ba shi gaskiya ya yi shiru ba. Ba abin da ta ji sai ƙugin na'urar Bistra.